Makonnin da Nagisa Ta Yi Shiru

Litinin, 28 ga Oktoba, da yamma

Masaomi ya kawo ta da rana. Bai ko zauna ba. Ya ajiye jakarta a bakin ƙofa, ya rusuna, ya sake rusunawa, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri da ɗawainiya," sai ka ce 'yar maƙwabta ya kawo mini ba jikata ba. Mijin 'yata Chiharu ne, amma har yau ba ya iya shan shayi a gidan nan bai nemi gafara ba. Na ce ya kama hanya ya koma asibiti wurin matarsa tun da sauran haske.

Nagisa shekararta huɗu. Zuwanta na ƙarshe, lokacin ziyarar kaburbura, sai da ta hana ni jin rediyo don surutu. Yau ta shigo, ta jera takalmanta, ta zauna inda na nuna mata. Kayan cikin jakar duk sababbi ne, da takardar kanti a jiki. Na wanke mata kai sau biyu. Har yanzu ina jin warin hayaƙin. Wataƙila a hancina yake.

Masaomi ya ce tun ranar Talatar nan da gidansu ya kama da wuta ba ta ce uffan ba.

Talata, da safe

Na kira asibiti. Sun ce Chiharu tana nan yadda take.

Laraba, 30 ga wata, da hantsi

Heikichi mai awara ya leƙo, wai ya kawo ragowar ta jiya. Da ɗuminta ta zo. Tun muna yara bai iya ƙarya ba.

"Kyaftin, ka rame."

"Kai kuma ka ƙara faɗi. Awarar taka kai kaɗai ke cinye ta?"

Ya durƙusa gaban Nagisa ya yi mata kukan kwaɗo, abin da ya fi iyawa a duniya. Ta rusuna masa da ladabi kamar wadda ta haɗu da shugaban ƙaramar hukuma. Ya miƙe yana dafa ƙugu ya ce, "Anya jininka ce? Ban taɓa ganin mai shiru a gidanku ba." Da muka fito waje ya rage murya. "Gobe ba kai ne da yaran Malama Oshikiri ba? Tafi da ita."

Wallahi na manta. Tun da gwiwoyi suka sauke ni daga shugabancin 'yan kwana-kwana na sa-kai na garin nan, duk shekara in makon kiyaye gobara ya matso nakan je makarantar ƙananan yara mu yi wasan kwana-kwana. Da can fareti kawai muke koya musu. Wannan malamar ta mayar da abin darasin lissafi, ni kuma ta mayar da ni kayan aiki.

Na ce wa Heikichi, "Wasan kashe gobara? Da wannan yarinyar?"

Ya ce, "To zaunar da ita tana kallon fuskarka. Ita ce babbar azabar."

Alhamis, da la'asar

Mun je. Yara tara ne a makarantar gaba ɗaya. A zamanina wannan ɗakin ba ya ɗaukar takalmanmu ma. Malama ta riga ta ji labari, kamar kowa a garin, kuma kamar kowa ba ta ce komai ba. Ta ɗauko 'yar rigar kwana-kwana ta sa wa Nagisa, ta naɗe mata hannuwan.

Sun yi mota da kwalayen kifi, sun shafe ta da jan fenti, har yanzu tana ƙarni. Muka fara da abin da kowace rundunar kwana-kwana ke farawa da shi ta kuma ƙare da shi: a jeru, kowa ya faɗi lambarsa. Ɗaya, biyu, uku, har ƙarshen layi. Na gaya musu yadda aka gaya mini ina saurayi: ba a watsewa sai lissafi ya cika, ko da tuwon shinkafa zai sandare a gida.

Aka zo kan Nagisa, ita ce ta goma. Shiru.

Wani ɗan kumatu mai suna Taiga ya leƙa fuskarta, ya juyo gare ni. "Kaka Kyaftin, ita wannan batirinta ne ya ƙare?"

Malama ta ce, "Taiga, naka ne muke fatan ya ƙare." Ta miƙa wa Nagisa 'yan katakai biyun da ake bugawa a fareti. "In an zo kanki, ki buga."

Muka sake. Tara, sai ƙwas. Na ce, "An cika. A watse." Suka watse da ihu. Ita ta tsaya a inda take sai da na kama hannunta.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, da azahar

Yau ruwa muka auna. Malama ta ajiye doguwar kwalba da wata tukunya mai faɗin baki, ta ce gidan kwali ya kama, wanne za ku ɗauka don ya fi cin ruwa? Duka suka nuna kwalbar. Ni ma a zuciyata kwalbar na nuna, amma mukamina bai bar ni na ɗaga hannu ba.

Aka jera su layin miƙa bokiti, sai dai da kofi, hannu zuwa hannu daga famfo. Rabin ruwan a ƙasa ya ƙare. Suna ƙirga kofunan da baki, suna rikicewa, Taiga yana tsallake bakwai kullum kamar sun yi faɗa. Sai na ga Nagisa a ƙarshen layi. Duk kofin da ta juye, sai ta ajiye tsakuwa ɗaya a gefen ƙafarta. Na kwalba daban, na tukunya daban. Da aka gama rigima ta kaure, Malama ta ce a zo a duba na Nagisa. Layin tukunya ya fi tsawo da tsakuwa uku.

Babu wanda ya koya mata. Tana ciki sarai, yarinyar nan. Ƙofar ce a rufe.

Asabar, da safe

Chiharu tana nan yadda take.

Lahadi, da magariba

Kakata ta wajen uwa, mai ba mu tatsuniya a bakin murhu, tana da wata dabara in ta ga mun fara gyangyaɗi. Sai ta ɓata labarin da gangan, mu kuwa mu farka mu yi mata caa. Na gwada yau. Na ba Nagisa labarin kaguwar da ta je aron tsani wurin hankaka, wanda na sha ba ta. Da na zo inda kaguwa ta hau, sai na ce ta hau da ƙafafunta biyu.

Ta ɗago kai. Bakinta ya buɗe, na rantse na ga harshen ya motsa. Sai ta zaro hankicinta ta toshe bakin da shi.

Na ƙarasa labarin da kaguwa mai ƙafa biyu. Bai yi daɗi ba.

Talata, 5 ga wata, da yamma

Mun je wurin likitan yara a garin gaba. Maƙogwaro lafiya, kunne lafiya. Ya ce a ba ta lokaci. Da muka miƙe ya ƙara da cewa in abin ya daɗe yaro yakan saba, fitowar ta yi wuya. Da ma ya tsaya a maganar farko.

A hanyar dawowa daga tasha iska ta cire mata 'yar hularta mai ruwan ɗorawa, ta faɗi a bayanmu. Ta tsaya cik. Ta san ta faɗi, don na ga hannunta ya je kanta. Amma ba ta juya ba. Ni na koma na ɗauko, da gwiwoyin nan nawa.

Laraba

Masaomi ya kira. An cire wa Chiharu bututun numfashi. Muryar dai babu, sun ce hayaƙi ya taɓa ciki. Na ce to. Ya ce to. Muka ajiye waya.

Alhamis, 7 ga wata, da la'asar

Ranar kyandir. Na ja Malama gefe na ce a fitar da Nagisa waje. Ta ce, "Kyaftin, bari mu tambaye ta." Ta durƙusa ta ce za a kunna wuta 'yar ƙarama, ga ƙofa ga tabarma, ta zaɓa. Nagisa ta zauna a tabarma. Ni ne na so na zaɓi ƙofar.

Na kunna kyandir biyu. Hankici ya hau baki nan take, ta sunkuya ƙasa-ƙasa. Na kife ɗaya da ƙaramar kwalba, ɗayan da babba. Yara suka kasu, kowa da gwaninsa. Na ƙaramar ya yi ta raguwa har ya mutu. Na babbar ya ɗan ƙara jan rai, shi ma ya bi.

Wata yarinya, Yuzuki, ta ce, "Wa ya hure?"

Na ce ba kowa. Wuta iska take ci. In ta cinye wadda ke cikin kwalbar, shi ke nan.

Taiga ya ce, "Ashe mayunwaciya ce kamar Heikichi mai awara." Zan kai masa wannan da ɗuminsa.

Bayan an tashi Nagisa ta matsa, a hankali, ta ɗora yatsa a kan babbar kwalbar. Ta kife, ta ɗaga, ta kife, a kan kyandir ɗin da ya riga ya mutu. Na bar ta har ta gaji.

Asabar, da safe

Na rataye kanya ta bushe. Nagisa ta riƙa miƙo mini bibbiyu.

Litinin, 11 ga wata, da azahar

Ban san ta ina zan fara ba. Bari na bi shi yadda ya zo.

Da safe sun auna tsawon tiyo da jikinsu, suna kwanciya kai da ƙafa. Yara shida da rabin Yuzuki. Daga nan Malama ta ce yau akwai atisayen fita, irin na kowane wata. Kafin ta kaɗa ƙararrawa ta ce su faɗi ƙa'idoji huɗu. Babu yaron da bai san su ba a ƙasar nan, tun kafin ya iya ɗaura takalmi. Suka rera:

"Ba turi. Ba gudu. Ba magana. Ba komawa."

Aka kaɗa. Suka fito suna ture juna suna dariya, Taiga ya koma ɗauko gorar ruwansa. Mutum ɗaya ce ta fito yadda ake so: hankici a baki, kai a ƙasa, taku a natse. Malama ta ce, "Ku dubi Nagisa, haka ake yi."

Ina tsaye a bakin ƙofar makaranta sai abin ya faɗo mini. Hular nan da ba ta koma ɗauka ba. Tun da ta zo ban ga ta yi gudu ba, ko a filin wasa. A layin wanke hannu kowa ya wuce ta, ba ta taɓa kowa.

Yarinyar nan ba ciwo take ba. Atisaye take yi. Ba wanda ya ce mata an gama.

Ni da na tsufa ina koya wa mutane waɗannan ƙa'idojin, a gabana take cin abinci kullum.

Litinin ɗin dai, da yamma

Na ciro tsohuwar rigata ta aiki daga akwati, tana warin maganin asu. Na saka ta, na tsayar da Nagisa a tsakar gida, na ƙame, na sara mata. Na ce, "Atisaye ya ƙare. A watse."

Ta dube ni kamar yadda uwarta ke dubana in na sa gishiri a shayi. Ta girgiza kai. Ta je bakin lambu ta ɗauko tsakuwa biyu ta ajiye a kan dakali. Ta nuna ɗaya, ta nuna kanta. Ɗayar kuma ta ɗauki kofin shayina ta kife a kai. Ta ɗaga yatsa ɗaya ta tsaya tana kallona.

Ni na koya musu. Ba a watsewa sai lissafi ya cika.

Talata, da safe

Na kira Masaomi na ce ya bar neman gafara ya gaya mini abin da ya sani. Ba ya gida ranar, maƙwabta ne suka ba shi labari. Da wutar ta tashi, Chiharu ta sauko da Nagisa daga bene, ta tsayar da ita jikin akwatin wasiƙu na bakin titi. Ta ce mata, ki yi yadda ake yi a makaranta, sai na zo na ƙirga mu. Daga nan ta hau ɗauko tsohuwar da ke ɗakin da ke kallon nasu.

Sauran ba zan rubuta ba.

Tsohuwar tana gidan ɗanta, ko tari ba ta yi. Na yi mata murna. Na rubuta na yi mata murna.

Alhamis, 14 ga wata

Masaomi ya tambayi Chiharu ko a kai mata Nagisa. Ta ƙi. Ba ta son yarinyar ta ga fuskarta haka. Kuma ba a barin yara shiga wannan sashen.

Juma'a, da la'asar

Fareti. Sun zaga kasuwar kifi da rigunansu, suna buga katakai suna rera a kiyayi wuta. Tsofaffin garin sun fito duka, wasu da kujerunsu. Motar kwali ta rabu biyu a gaban gidan waya, Taiga ya ci gaba da tuƙa rabin gaba. Nagisa ba ta rera ba, amma bugunta bai saɓa ba ko sau ɗaya.

Heikichi ya ce, "Ka tafi birnin da kanka ka ga 'yarka mana. Ko jirgin ƙasa kake tsoro?"

Ba jirgin nake tsoro ba. Ya sani.

Lahadi, 17 ga wata, da yamma

Na bar Nagisa wurin matar Heikichi na je asibitin.

Ba zan faɗi yadda na sami Chiharu ba. Idanun nata ne, wannan ya ishe ni. Na zauna na ba ta labarin garin: wa ya mutu, wa ya sayar da jirgin ruwansa, kanya ta yi kyau bana. Ina ta zagaye kamar kare zai kwanta. Ta ɗaga hannun da ba a naɗe ba ta yi mini alamar in taƙaita, yadda take yi tun tana sakandare.

Sai na ba ta labarin tsakuwa biyu da kofin shayi.

Ta juya fuska bango. Da ta juyo ta nuna bandejin, ta girgiza kai.

Na ce, "Chiharu, ba fuskarki take jira ba. Ke kika ce mata sai kin zo kin ƙirga. Na gwada, da rigata da komai, ta kore ni. Wai ba ni ne kyaftin ɗin wannan aikin ba."

Kafaɗunta suka motsa. Ban san ko dariya ce ko ɗayan ba. Ban tambaya ba.

Wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace mai tafiya kamar za ta kama ɓarawo, ta tare ni a hanya. Ta ce doka ta hana yaro shiga sashen. Na ce na sani. Ta ce amma a ƙasa akwai wata ƙofar gilashi mai kallon wurin ajiye motoci, kuma ba ta san wata doka da ta hana marar lafiya shan hantsi ba.

Talata

Ba labari.

Alhamis, 21 ga wata, da safe

Masaomi ya ce Chiharu ta yarda. Asabar. Na goge takalmin Nagisa, na goge nawa, har na Heikichi da ya bari a bakin ƙofa na goge.

Asabar, 23 ga wata, da yamma

A jirgi na gaya wa Nagisa gaskiya. Na ce Mama ta ji ciwo, an naɗe mata fuska da farin ƙyalle, gashinta gajere ne yanzu, kuma muryarta tana hutawa. Ta ci gaba da kallon gonaki.

Masaomi na jiranmu a wurin motoci. Muka tsaya gaban ƙofar gilashin. Ba a jima ba ma'aikaciyar jinyar nan ta turo Chiharu a keken marasa lafiya. Ta zame ƙofar kaɗan, daidai shigar hannu, ta juya baya tana karanta wani abu a bango da ba komai a jikinsa.

Nagisa ta saki hannuna. Na zaci baya za ta ja. Sai ta haɗe ƙafafu, ta miƙe tsam, hankici a baki, yadda suke tsayawa a layi.

Chiharu ta dafa ƙirjinta, ta ɗaga yatsa ɗaya. Ta nuna Nagisa, ta ɗaga biyu. Ta buɗe baki, iska kawai ta fito. Sai ta dube ni, ta nuna ni da haɓa.

Na ara mata murya. Na ce, "An cika. A watse."

Ba abin da ya faru. Wata mota ta fita, wata ta shigo. Masaomi ya riƙe hannun rigata bai sani ba.

Nagisa ta sauke hankicin. Ta ninke shi biyu, ta sake ninkewa, ta sa a aljihu. Ta yi gyaran murya kamar wata tsohuwa za ta yi jawabi a taron unguwa. Abin da ya fito siriri ne, a dishe.

"Mama, kin koma."

Chiharu ta gyaɗa kai.

"An ce ba komawa."

Sai 'yata, da bandejinta da robar ƙarin ruwa a hannu, ta dafa gwiwoyinta ta sunkuyar da kai ƙasa sosai, irin rusunawar da ake yi wa babba in an yi masa laifi. Ta daɗe a haka.

Nagisa ta zura hannu ta kafar ƙofar ta taɓa mata ɗan guntun gashin. Ta ce, "To, kada ki ƙara."

Masaomi ya zauna a ƙasa da kwat ɗinsa. Ni kuwa na ga akwai buƙatar a je a duba injin sayar da lemo da ke can ƙarshen fili. Na duba shi sosai. Lafiyarsa ƙalau.

Lahadi, da safe

Masaomi ya kira. Wai Chiharu ta sha romo da bakinta. Ban ji sauran ba, Nagisa ta ƙwace wayar daga hannuna tana zuba surutu. Shayina ya huce, na ɗora wani, har yanzu ba a dawo mini da ita ba.